Daga bakin garma zuwa bodin tirela: tarihin gidan zubin Tasker da rikicin ƙarfen Birtaniya

Ranar Asabar 12 ga Afrilun 2025 aka katse wa 'yan Majalisar Dokokin Birtaniya hutu, aka kira su zaman gaggawa. Kafin gari ya waye sun zartar da doka, an sa mata hannu, gwamnati ta samu ikon ba kamfanin British Steel umarni kai tsaye kan manyan tanderunsa biyu da ke garin Scunthorpe. Kamfanin Jingye na Chaina, wanda ya sayi British Steel a 2020, ya ce asarar kimanin fam 700,000 yake yi kowace rana, kuma ya fara shirin kashe wutar. Ayyukan mutum kusan 2,700 ne suka hau siraɗi. Watanni shida da 'yan kai kafin nan, ranar 30 ga Satumban 2024, kamfanin Tata Steel ya riga ya kashe tanderunsa na ƙarshe a Port Talbot da ke Wales.

A bakin mai jin Hausa, kalma ɗaya ce ke haɗiye duk wannan: masana'antar ƙarfe. Ita ake faɗa wa Scunthorpe, ita ake faɗa wa Ajakuta, ita ake faɗa wa kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina. Shi ya sa mai sauraro zai iya ɗauka cewa in Scunthorpe ta mutu, Birtaniya ta daina narka ƙarfe ke nan. Alhali sana'ar hawa-hawa ce, kuma Majalisa a kan hawa na sama kaɗai ta zauna. Hawan ƙasa, wato ƙananan gidajen zubi da a zamanin Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901, kusan kowane garin kasuwa a Ingila yake da nasa, sun daɗe suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kira kowa zaman gaggawa ba. Tarihin ɗaya daga cikinsu, gidan Tasker da ke kusa da Andover a gundumar Hampshire, ya isa ya nuna yadda suka tashi da abin da ya ci su.

Ƙarfe uku, sana'a uku

Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe shi ne yawan sinadarin kabon da ke jikinsa. Ƙarfen zubi yana ɗauke da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Wannan ne ke sa ya narke da wuri, a zafin da bai wuce digiri 1,200 ba, alhali zallan ƙarfe sai ya kai 1,538. Yana kwarara ya cika kowane lungu na mazubi, amma in ya sandare ba ya lanƙwasuwa. A doke shi da masaba sai ya fashe kamar tukunyar ƙasa. Kan keken ɗinki, dutsen guga na gawayi da farantin injin niƙa duk danginsa ne. Ƙarfen ƙira kuwa kabon ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ne wanda maƙeri ke gasawa ya buga a kan uwar maƙera. Tsakaninsu akwai tataccen ƙarfe, irin na rodi da layin dogo, wanda ya haɗa ƙarfi da juriya.

Wuraren aikin ma uku ne. Babban tanderu, irin na Scunthorpe, shi ke karɓar tama da gasasshen kwal da farar ƙasa ya fitar da ɗanyen ƙarfe. Ba a kashe shi dare da rana, domin in ya huce abin da ke cikinsa daskarewa yake yi, tayar da shi kuma sai an ci kwakwa, in ma ya tasu. Wannan ne dalilin gaggawar Majalisa. Gidan zubi ba ya taɓa tama: ɗanyen ƙarfe da tsofaffin ƙarafa yake saya, ya sake narkar da su, ya zuba a mazubin yashi. Maƙera kuma ba ta narkarwa, gasawa da bugu ne aikinta. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyon a kasuwa, ya ga yadda ake danna yashi a akwati biyu a kewaye da tsohuwar tukunya, a zare ta, a zuba narkakken abu a gurbinta, to ya ga gidan zubi a ƙaramin sigarsa.

Yadda kowane gari ya samu nasa

A 1707 Abraham Darby ya yi rajistar dabarar zuba tukwanen ƙarfe a cikin yashi, wadda ta sa suka fito marasa kauri, masu araha. A 1709, a Coalbrookdale da ke Shropshire, ya narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayi, abin da ya 'yantar da sana'ar daga dogaro da daji. Jikansa ne ya gina shahararriyar gadar ƙarfe a kan kogin Severn a 1779.

Duk da haka, muddin zubi na buƙatar zama a gindin babban tanderu, sana'ar ta masu kwal da tama ce kaɗai. Abin da ya sauya lissafi shi ne wani ƙaramin tanderu mai kama da doguwar ganga a tsaye, wanda Turawa ke kira kufola, da John Wilkinson ya yi wa rajista a 1794. Ana jera masa gasasshen kwal da ƙarfe da farar ƙasa hawa bisa hawa, a hura masa iska ta ƙasa, bayan ɗan lokaci a buɗe kafa narkakken ƙarfe ya kwararo. Ana kunna shi ranar da ake buƙata, a kashe da yamma. Maƙerin ƙauye mai ɗan jari zai iya gina shi a bayan rumfarsa. Abin da ya rage masa shi ne hanyar kawo kaya masu nauyi, hanyoyin ruwa da aka haƙa a ƙarshen ƙarni na 18 kuma suka biya wannan buƙata.

Sai kasuwa. A 1803 Robert Ransome na garin Ipswich ya gano yadda za a zuba bakin garma ta yadda ƙasansa zai fi samansa tauri, ƙasar gona tana cin saman, bakin yana wasa kansa. Daga nan manomin Ingila ya fara sayen bakin garma na zubi, in ya cinye ya sa sabo, maimakon kai shi maƙera kullum. Kamfanin Ransomes ɗin nan ne daga baya ya ƙera garmar shanu ta Emcot da aka sani a gonakin Arewacin Najeriya.

Maƙerin Abbotts Ann

Robert Tasker ɗan maƙeri ne daga gundumar Wiltshire. A 1806 ya zo ƙauyen Abbotts Ann a matsayin yaron wani maƙeri, a 1809 maƙerar ta dawo hannunsa. Ba ya bin cocin gwamnati, har yakan buɗe gidansa a yi addu'a ranar Lahadi, abin da ya ɓata masa da manyan masu gonakin yankin. Da cinikin kusa ya yi wuya, dole ya riƙa neman aiki a garuruwa masu nisa. Ya ga cewa bugu da hannu ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya ƙara tanderun zubi.

Wurin da ya zaɓa ya kafa sabon gidan aiki, a kwarin da ake kira Anna Valley, ya nuna abin da gidan zubi na lokacin yake buƙata. Akwai rafin Pillhill da zai juya babban wili, wilin kuma ya hura iska ya juya injuna. Ga kuma hanyar ruwan Andover da aka buɗe a 1794, mai tsawon mil 22, wadda ta haɗa garin da gaɓar teku kusa da Southampton, ta nan ɗanyen ƙarfe da kwal ke shigowa. Aka raɗa wa wurin suna Waterloo, sunan yaƙin 1815 da aka ci Napoleon. Kayan da ake zubawa na manoma ne: bakin garma, injin shuka, abin dandaƙe ƙasa, kwamin ban ruwan dabbobi, ƙyamare da shinge.

Ranar 20 ga Nuwamban 1830

Leburan gona a kudancin Ingila a wancan lokaci sule bakwai zuwa tara yake samu a mako. Abin da ke riƙe shi da hunturu shi ne sussukar alkama da sanda, aikin da kan ɗauki watanni. Injin sussuka ya zo ya cinye wannan aikin cikin 'yan kwanaki. A watan Agustan 1830 aka fara farfasa injuna a gundumar Kent, tarzomar ta bazu, ana aika wa masu gonaki wasiƙun barazana da sunan wani Kyaftin Swing da babu shi. Ranar 20 ga Nuwamba mutum wajen 300 suka afka wa gidan Waterloo, suka farfasa kayan aiki da garemani, suka lalata wilin ruwa da wani sashen ginin.

Hukuncin ya yi tsanani. An yanke wa goma daga cikin waɗanda aka kama hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi kora zuwa Ostireliya. A faɗin ƙasar an gurfanar da kusan mutum 2,000, an rataye 19, an kori kusan 500.

Masana tarihi ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Wasu na ganin tarzomar ciniki ce da leburori suka yi da harshen da kaɗai suke da shi, tunda ba su da ƙuri'a, kuma hujjarsu ita ce an ƙara lada a wurare da dama, injin sussuka ma ya ja baya a kudu na tsawon shekaru. Wasu sun fi ɗora nauyin a kan yawan jama'a, kame filayen kiwo na kowa da kowa, munin damina biyu a jere da kuma tsarin tallafin talakawa da ya ba manoma damar danne lada. A wurinsu inji dai shi ne abin da hannu zai iya kaiwa gare shi. Akwai kuma wani abin lura da kowane ɓangare ya yarda da shi: ƙananan manoma da yawa ba su yi baƙin cikin fasa injunan ba, domin manyan manoma ne ke cin moriyarsu. Gidan Tasker dai ya gyara ɓarnar ya ci gaba da aiki.

Shekarun cin kasuwa

A 1836, shekara guda kafin Victoria ta hau gado, Robert ya bar wa ƙanensa William ragamar, shi ya koma hidimar addini. William ya shiga haɗin gwiwa da George Fowle, kuma sunan Tasker da Fowle ne ke jikin gadar ƙarfen da aka zuba a 1843 a kan kogin Anton a ƙauyen Upper Clatford. Wata gadar ƙafa da suka zuba a 1851 tana nan a Andover.

Lokaci ne da ƙasar ta cika da ƙarfe. Ɗanyen ƙarfen da Birtaniya ke fitarwa ya tashi daga tan miliyan biyu da 'yan kai a 1850 zuwa kusan miliyan shida a 1870, kimanin rabin na duniya baki ɗaya. Babban baje kolin Landan na 1851 an yi shi ne a cikin gini na gilashi da ke tsaye a kan ginshiƙan ƙarfen zubi sama da 3,000. Amma abin da ya fi ciyar da ƙaramin gidan zubi shi ne doka. Annobar kwalara ta haifar da dokokin kiwon lafiya na 1848 da 1875, waɗanda suka ɗora wa hukumomin gari gina lambatu da jawo ruwa. Kowane titi na buƙatar bututu, murfin magudana, turken fitilar gas, famfo da benci. Kayan nan masu nauyi ne, kuɗinsu kaɗan, ɗauko su daga nesa asara ce. Saboda haka kwangila takan faɗa hannun gidan zubin garin, shi kuma ya zuba sunansa a jikin kayan. Har yau mai tafiya a tsofaffin titunan Ingila yana taka sunayen kamfanonin da suka mutu tuntuni.

A cikin gidan, aikin yana farawa ne daga kafinta. Shi ke sassaƙa samfur na katako, ya ɗan ɗara girman abin da ake so, domin ƙarfe na tsukewa kimanin kashi ɗaya cikin ɗari in ya huce. Mai haɗa mazubi, wanda kan yi shekara bakwai yana koyo, shi ke durƙusawa a ƙasa ya danna yashi mai ɗan laka da danshi a kewayen samfurin. In yashin ya bushe da yawa mazubi ya rushe. In ya jiƙe da yawa, narkakken ƙarfe na taɓa shi sai tururi ya watso wuta a fuskar mai zubi. In ya danne fiye da kima iska ba ta samu mafita ba, kayan su fito da ramuka a ciki. Babu ma'aunin da ke faɗa masa, tafin hannunsa ne ke ji. Da rana ake shirya mazubai, da la'asar a yi zubi, mutane na ɗauke da manyan ludayai, washegari a fasa yashin a kankare kayan. Masu kankarewar nan su ƙurar yashi ta fi yi wa illa a huhu. Dukiyar gidan ta gaskiya kuwa tana ɗakin ajiyar samfura: manomin da garmarsa ta karye bayan shekara ashirin, nan zai dawo, don nan kaɗai ake da katakonta.

Masu haɗa mazubi sun san darajarsu. Tun 1809 suka kafa ƙungiya a garin Bolton, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar. Dokokin masana'antu ba su shigo gidajen zubi ba sai 1867, diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki ba tare da sai ya tabbatar da laifin maigida ba kuwa sai 1897.

Inda ƙarfen zubi ya ba da kunya

Ƙarfen zubi yana jure danniya, amma ba ya jure ja. A watan Mayun 1847 gadar jirgin ƙasa a kan kogin Dee a Chester ta karye, mutum biyar suka mutu. Ranar 28 ga Disamban 1879 gadar Tay a Sikotland ta rufta da jirgi cikin guguwa, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna, ban da kuskuren zane, an riƙa cike ramukan ginshiƙai da wani haɗi don a ɓoye aibinsu. A tsakanin nan Henry Bessemer ya fito da hanyar yin tataccen ƙarfe mai araha a 1856. Gadar Forth da aka buɗe a 1890 da tataccen ƙarfe aka gina ta. Manyan ayyuka suka bar gidan zubi suka koma manyan kamfanoni masu jarin da ɗan gari ba zai iya haɗawa ba.

Alkama, gado da bashi

Mafitar da gidan Tasker ya bi ita ce wadda da yawa suka bi: ya daina tsayawa kan sayar da zubi, ya koma ƙera inji. An cike hanyar ruwan Andover bayan 1859 aka shimfiɗa layin dogo a kanta. A 1865 'ya'yan William suka fitar da injin tururinsu na farko, irin wanda doki ke ja zuwa gona, a 1869 kuma mai tafiya da kansa. Wato gidan da aka farfasa saboda inji ya wayi gari yana ƙera injin da ke juya na'urar sussuka.

Abubuwa uku suka takura wa wannan sabuwar sana'a. Na farko doka ce: dokar 1865 ta ƙayyade wa injin tururi gudun mil huɗu a awa a karkara, biyu a gari, da mutum a gaba riƙe da jar tuta. Na biyu alkamar Amurka. Tun 1846 aka soke dokar da ke kare hatsin gida, amma sai da layin dogo ya ratsa filayen Amurka, jiragen tururi kuma suka rage kuɗin dako, sannan abin ya cije. Daga ƙarshen shekarun 1870 zuwa 1894 farashin alkama ya faɗi da fiye da rabi. Ma'aikacin birni ya samu burodi mai araha. Manomin Hampshire ya daina sayen inji, wanda ya saya bashi kuma ya kasa biya. Na uku gado ne. Kamfanin iyali kan shiga matsala duk lokacin da wani babba ya rasu, domin magada na son kasonsu a kuɗi, dukiyar kuwa gini ce da injuna. Henry Tasker, ƙaramin 'ya'yan William, sai da ya sayi kason 'yan uwansa, kuɗin da ya kamata ya tafi sabunta kayan aiki.

Ƙaramar tarakta mai tururi da suka fitar a 1902, mai suna Little Giant, ta samu karɓuwa, an ƙera fiye da 300. Duk da haka kamfanin ya durƙushe a 1903, aka sake tayar da shi, ya kuma durƙushewa a 1926 bayan da motocin fetur, ciki har da rarar motocin soja na Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka mamaye tituna. Wanda aka farfaɗo da shi a 1932 bodin tirela yake ƙerawa da tataccen ƙarfe. A Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙera kusan 4,000 na wata doguwar tirela ta ɗaukar jiragen sama da ake yi wa laƙabi da Queen Mary. A 1968 ya koma hannun wani babban kamfani, a shekarun 1980 aka rufe wurin, aka rushe, aka gina gidajen kwana. Injunansa da suka saura suna gidan tarihi na Milestones a Basingstoke.

A nan ne ake saɓani kan ma'anar nasara. Mai kallon sunan kamfani zai ce Tasker ya rayu fiye da shekara 170 saboda ya iya sauya sheƙa. Mai kallon sana'a zai ce kowane sauyin ya ƙara nesanta shi da yashi da tanderu, har ya zamana lokacin da aka rufe ƙofa, zubi ya daɗe da zama tarihi a wurin. Duka biyun gaskiya ne, kuma sauran gidajen da suka tsaya kan zubi zalla ba su fi shi tsira ba: bututun roba ya maye na ƙarfe, walda ta maye zubi a kayan gona, dokokin hana hayaƙi daga 1956 sun tsananta wa kufola, kayan Indiya da Chaina kuma suka karya farashi. Ko Coalbrookdale, mahaifar sana'ar, an rufe gidan zubinta a Nuwamban 2017, ma'aikata suka rataye takalman aikinsu a ƙofar shiga.

Muhawarar yau

Dokar Afrilun 2025 ba ta ƙwace mallakar British Steel ba. Iko ta ba ministan kasuwanci, Jonathan Reynolds a lokacin, ya sa a sayo tama da kwal a kuma biya albashi. Gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago sun kafa hujja da tsaro: in tanderun biyu suka mutu, Birtaniya za ta zama ƙasa ɗaya tilo a rukunin G7 na manyan ƙasashe bakwai masu arzikin masana'antu da ba ta iya yin ƙarfe daga tama, kuma Scunthorpe ce ke samar da kusan duk layin dogon ƙasar. Masu suka na cewa 'yancin na suna ne, tunda tamar da kwal ɗin duk daga waje ake kawo su. Mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe, Kellingley, tun Disamban 2015 aka rufe ta. Suna kuma tambayar har yaushe mai biyan haraji zai ɗauki asarar, a duniyar da Chaina ke fitar da tan biliyan guda a shekara, Birtaniya kuwa kimanin miliyan huɗu a 2024.

Masu rajin muhalli sun fi son tanderun lantarki mai narka tsofaffin ƙarafa, irin wanda ake ginawa a Port Talbot da tallafin gwamnati na fam miliyan 500. Hayaƙinsa kaɗan ne, amma ma'aikatan da yake buƙata ma kaɗan ne, shi ya sa aka yi maganar rasa ayyuka 2,800 a can. 'Yan siyasar Wales kuma na tambayar me ya sa aka ceci Scunthorpe aka bar nasu. Amsar gwamnati ita ce a Port Talbot akwai mai kamfani da ke shirye ya zuba jari, a Scunthorpe kuwa babu.

Gidajen zubin da suka rage kusan ba sa cikin wannan zance. Yawancinsu sun bar kufola sun koma narkarwa da lantarki, abincinsu kuma tsofaffin ƙarafa ne da ɗanyen ƙarfen da ake shigowa da shi. Abin da ke yanke musu hukunci shi ne kuɗin wuta, wanda a Birtaniya yake cikin mafi tsada a ƙasashe masu masana'antu, da kuma ƙarancin matasan da ke koyon haɗa mazubi.

Abin da zai taɓa mutane

Ga mazaunin Scunthorpe, dokar ta sayi lokaci ne. In aka ƙare da komawa tanderun lantarki, darasin Port Talbot ya nuna ayyuka za su ragu, kuma raguwar ba ta tsayawa a ƙofar kamfani. Tana bin direbobi, 'yan kwangila da masu shaguna. Ga mai biyan haraji, kowane watan da tanderun suka yi suna ci da asara, daga baitulmali ake cikewa.

Ga mai sayen kaya, akwai sabon haraji da Birtaniya ta tsara farawa a Janairun 2027 a kan ƙarfe da wasu kayayyakin da ake shigowa da su, gwargwadon hayaƙin da aka fitar wurin yin su. Tarayyar Turai ta riga ta fara irinsa. Ana sa ran zai rage wa masu ƙera na gida matsin gasa, amma yana iya ɗaga farashin kayan gini, kuma gidan zubin da ke sayo ɗanyen ƙarfe daga waje zai iya jin sa a aljihu.

Sai tsofaffin ƙarafa. Birtaniya na sayar da mafi yawan nata ne a waje, Turkiyya na kan gaba cikin masu saye. In manyan tanderun lantarki suka fara aiki a gida, za su buƙaci miliyoyin tan, ƙaramin gidan zubi kuma zai shiga layi ɗaya da su. Tunda farashin wannan haja na duniya ne, motsinsa na iya isowa har sikelin ɗan gwangwan a Kano ko Maraɗi, da kuɗin rodin da mai gini ke saya.

Akwai kuma kayan zamanin Victoria da har yanzu ke aiki: bututun ruwa a ƙarƙashin Landan, gadoji, rumfunan tashoshin jirgi. Da aka gyara hasumiyar agogon Big Ben daga 2017 zuwa 2022, sai da aka sauke guntayen rufinta na ƙarfen zubi sama da 3,000, waɗanda suka lalace aka sake zuba su a yashi kamar yadda aka yi na farko. Gidajen da ke iya irin wannan aiki 'yan kaɗan ne, kowanne ya rufe kuma ƙaramar hukumar da ke da tsohuwar gada ko shinge za ta ƙara jira, ta ƙara biya. Gadar 1843 tana nan a Upper Clatford, kusa da inda aka zuba ta. In wani sashenta ya tsage, sai an sassaƙa sabon samfur an kai wani gari mai nisa a zubo.